7-Zip a shagon ɗab'i: ka buɗe komai da ita, amma in za ka aika, ka aika zip

Duk kwamfutar da ta shigo shagonmu, sabuwa ce ko ta hannu, kafin a sa mata CorelDRAW ko Photoshop sai na fara sa mata 7-Zip, manhajar da ke dunƙule fayiloli da yawa cikin guda tana matse su, ta kuma warware waɗanda aka dunƙule. Aikinmu ɗab'i ne a nan Kano: katin biki, kalanda, fosta, littattafan marubuta, takardun makarantu. Yanzu kuwa yawancin aiki ba da ƙafa yake zuwa ba. Ta WhatsApp yake zuwa ko ta imel, a dunƙule cikin fayil guda, kuma kowa da irin na'urarsa. Wannan Windows 7 gare shi tun ta zamanin da, wancan MacBook, wata daga Android ta turo, wani ɗalibi kuma daga Ubuntu, wato Linux. Mu ne a tsakiya, mu za mu warware duk abin da aka ɗaure.

Ra'ayina a kan manhajar kashi biyu ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Wajen buɗe abin da aka turo maka, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba a cikin na kyauta. Wajen aika wa wani kuwa, in ka bi abin da ta fara miƙo maka ba tare da ka duba ba, za ta haɗa ka faɗa da kwastoma.

Wani Barashe ne mai suna Igor Pavlov ya rubuta ta, ya fitar da ita a 1999, kuma har yau shi ke kula da ita. Kyauta ce, ba ta talla, ba ta neman ka yi rajista, ba ta tambayar imel ɗinka. Fayil ɗin da za ka sauke bai kai megabait biyu ba, ko data ta kusa ƙarewa za ka iya. Adireshinta 7-zip.org ne, da ɗan layin nan a tsakanin 7 da zip, kuma daga nan kaɗai nake ɗauko ta. Na faɗi haka ne saboda abin da aka saba da shi a shagunanmu shi ne WinRAR, wata manhaja mai irin wannan aiki, wadda ta kuɗi ce, gwajin kwana 40 take bayarwa, daga nan ta riƙa tuna maka kullum cewa ba ka biya ba. Masu gyaran kwamfuta sai su sa wa mutane wadda aka fasa, daga wani filas da ya zaga garin nan kaf, Allah kaɗai ya san abin da ke tafe da ita. Ga halal a banza, ban ga dalilin wannan kasada ba.

Nau'o'in fayil ɗin da 7-Zip take buɗewa sun fi ƙarfin buƙatata: zip, rar, 7z, tar, gz, iso, har dmg na Mac tana leƙa cikinsa. Rar tana buɗe shi amma ba ta ƙirƙirarsa, domin tsarin na Eugene Roshal ne, wanda ya rubuta WinRAR, kuma ba a ba kowa izinin haɗa shi ba. Wannan bai taɓa damuna ba. Wanda ke kan Windows 11 zai iya cewa ai tun 2023 Windows da kanta take buɗe rar da 7z, kuma gaskiya ne. Sai dai da zarar fayil ɗin yana da kalmar sirri, sai ta tsaya tana kallonka. Sannan kwamfutoci nawa ne a shagunan nan suke kan 11? Yawancin na hannun da muke saya 10 ce a kansu, duk da Microsoft ta janye mata tallafi a Oktoban 2025, ita kuwa 10 ba ta san rar ko 7z ba in ka danna fayil.

Masu Mac su ne suka fi kawo mana abin mamaki. Wata Hajiya ta zo yin kalandar bikin 'yarta, hotunan kuma babbar 'yar da ke karatu a Ingila ce ta haɗa ta turo. Yaron shagonmu ya warware, sai ga folda biyu: ɗaya ta hotuna, ɗaya kuma sunanta __MACOSX. Ya shiga ta biyun ya tarar da sunayen hotunan nan kaf, amma kowanne da ɗigo da ɗan layin ƙasa a gabansa, kowanne 'yan kilobait, ba wanda ke buɗewa. Ya ɗago ya ce, “Oga, hotunan Hajiya sun lalace, ko kuma bairos ne.” Hajiya ta dafe ƙirji, ta ce, “Malam, biki saura kwana kaɗan fa.” Na ce, “Hajiya ki kwantar da hankalinki, hotunanki na nan lafiya lau a ɗaya foldar.” Mac ce ke cusa wannan folda duk lokacin da aka dunƙule abu da manhajarta ta ciki. Bayanan da ita kaɗai ke amfani da su ne, kuma a kan Mac ba a ma ganinsu, shi ya sa mai turowa bai san ya turo ba. Haka ma wani ɗan fayil mai suna .DS_Store, wanda ke riƙe yadda aka jera folda a allo. A Windows share su kawai ake yi.

A nan 7-Zip take burge ni. Maimakon in warware komai, sai in buɗe fayil ɗin a cikinta kamar folda, in jawo ta hotunan kaɗai zuwa tebur, in bar tarkacen a inda yake. Wanda kuma yake yawan turo mana aiki daga Mac, nakan ce ya sa Keka, wata manhajar dunƙulewa ta Mac, tana da wurin da za ka ce kada ta haɗa da waɗannan tarkacen. Ita 7-Zip ba ta da manhaja mai tagogi a Mac ko Linux, sai ta rubuta umarni da hannu, wadda ta fito a 2021, kuma wannan ba aikin Hajiya ko 'yarta ba ne.

To, ga inda take jawo rigima. In ka danna dama a kan folda ka shiga 7-Zip, zaɓin yin fayil mai ƙarewa da .7z shi ne a sama, na .zip yana ƙasansa. Hannun yaro kuwa na sama yake dannawa. A gama wa mutum zanensa, a tura masa ya duba, sai waya ta yi ƙara: “Malam, abin da kuka turo ba ya buɗuwa.” In Android gare shi, manhajar Files ta Google zip kaɗai take warwarewa, sai ka fara yi masa bayanin ya je Play Store ya sauke ZArchiver. In ofis ne mai Windows 10, wataƙila ma ba a ba shi damar sa manhaja a kwamfutar ba. Kuma Alhajin da ya ba ka aikin fostar kamfen ba zai tsaya koyon ZArchiver ba, cewa zai yi ba ka iya aiki ba, gobe ya kai wa maƙwabcinka.

Zip kuwa tsoho ne, Phil Katz ya fito da shi tun 1989, kuma tsufan nan shi ne ƙarfinsa. Windows tana buɗe shi ba tare da ƙarin komai ba tun XP, Mac na buɗewa, Linux na buɗewa, iPhone na buɗewa a manhajar Files tun iOS 13 ta 2019. Shi ya sa dokar shagonmu ita ce duk abin da zai fita waje zip ne. Abin daɗin shi ne, in ka bi ta Add to archive ka zaɓi zip sau ɗaya, tana riƙe zaɓin har gaba. Amma akwai wani ɗan rami a tagar nan da ya kamata a sani. A ƙasan wurin zaɓen tsari akwai wurin zaɓen hanyar matsewa, kuma 7-Zip za ta bar ka ka yi zip da LZMA ko BZip2 ko PPMd. Sunan fayil ɗin zai ƙare da .zip kamar kowane, amma manhajar cikin Windows ba za ta iya fitar da abin da ke ciki ba. Ka bar shi a Deflate. Ban ga laifin ba wa gwanaye zaɓi ba, laifin da na gani shi ne ba ta ko gargaɗe ka cewa abin da kake shirin yi ba kowa zai buɗe ba.

Wani zai ce ai 7z ya fi matsewa, data kuma ta yi tsada. E, ya fi, amma a kan me? Yawancin abin da mutane ke turawa hotuna ne na JPEG, bidiyo na MP4, karatu da wa'azi na MP3, waɗannan kuwa an riga an matse su tun daga tushe. Sake matse su kamar ka damƙi ƙuli-ƙuli ne kana neman mai. Za ka sa ta a Ultra, wato matsewa mafi tsanani, fankar tsohuwar laftof ta yi ta kuka, batir ya tafi ga shi ba wuta, a ƙarshe ka ga abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Ni in hotuna ne ko bidiyo, Store nake zaɓa, wato ta haɗa su kawai kada ta matse, nan da nan ta gama. Inda 7z ke nuna kansa shi ne hotunan TIFF da ba a matse ba, da na BMP, da manyan fayilolin Photoshop, da tarin rubutu. A nan bambancin na fili ne, kuma tsakanina da abokan sana'a da na san suna da manhajar, da shi muke musayar irin waɗannan.

Ke nan me ya sa ake dunƙule hotunan tun farko? Don kada su watse, kuma don kada WhatsApp ta taɓa su. In ka tura hoto a matsayin hoto, WhatsApp za ta rage shi, ya yi kyau a waya, a zo bugawa a babbar fosta fuskar ango ta farfashe. In yana cikin zip, a matsayin takarda zai tafi, yadda ya shiga haka zai fito, kuma tun 2022 WhatsApp na ɗaukar takarda har gigabait 2. Ga shi folda za ta iso da tsarinta: zane nan, hotuna nan, fon ɗin da aka yi rubutu da shi nan. Mai zanen da ya turo aiki ba tare da fon ba ya san abin da nake nufi.

Wata dabara da nake yi da ita kusan kullum, wadda ba don ita aka san manhajar ba: fayil ɗin Word na zamani, mai ƙarewa da .docx, shi kansa zip ne da aka canza wa suna. Shugaban makaranta zai turo maka mujallar yaye ɗalibai a Word, hotuna duk a manne a ciki, ka ce ya turo hotunan daban ya ce ai ba ya da su. Sai in danna dama a kan fayil ɗin, in ce 7-Zip ta buɗe shi, in shiga foldar word, in shiga media, ga hotunan nan a jere, image1, image2, har ƙarshe. In jawo su gaba ɗaya. PowerPoint ma haka, foldar ppt ce kawai a maimakon word. Wannan kaɗai ya isa in bar ta a kan kowace kwamfuta.

Sai maganar sunaye, wadda ta fi shafar mu masu rubuta Hausa. Lokacin da aka ƙirƙiro zip, da jadawalin haruffan tsohuwar kwamfutar IBM yake rubuta sunan fayil, jadawalin da babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle harafin Larabci. Sai a 2006 aka ƙara masa wata alama da ke nuna cewa sunan da UTF-8 aka rubuta shi, wato tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, kuma ba kowace manhaja ke sa alamar ba, ba kowace ke karanta ta ba. Sakamakon shi ne wani malami ya turo littafinsa babi-babi, ya sa wa kowane babi suna da Larabci, ko marubuciya ta sa wa fayil suna “Ƙarshen labari”, ya iso mana sunan ya koma wasu 'yan akwatuna da alamomin da ba mai iya karantawa. Rubutun ciki lafiyarsa lau, amma wane ne babi na uku, wane ne na tara? Sai an buɗe ɗaya bayan ɗaya. Windows 7 ma ƙin dunƙule irin wannan fayil take yi gaba ɗaya, ta ce sunan na da haruffan da ba za ta iya ɗauka ba. 7-Zip in ita ce ta haɗa zip ɗin, tana komawa UTF-8 da kanta idan ta ga harafin da jadawalin kwamfutar ba shi da shi, tsarin 7z kuwa tun asali ba shi da wannan ciwon. Amma ba ni da iko a kan abin da ɗaya ɓangaren zai buɗe da shi. Saboda haka, duk son da nake wa haruffanmu masu ƙugiya, a cikin rubutu nake barinsu. Sunan fayil kuwa 01-gabatarwa, 02-babi-na-daya, haka nan, da lamba a gaba.

Mac da Linux suna yarda da wasu alamomi a suna waɗanda Windows ta haramta, irin su alamar tambaya da tauraro da alamar zance. 7-Zip takan maye gurbinsu da ɗan layin ƙasa ta wuce, ba ta tsaya tana ƙorafi ba. Haka in folda ta shiga cikin folda ta shiga cikin folda har adireshin ya haura haruffa 260, inda Windows ke cewa ta gaji, ita tana fitar da su. Abin da ba ta da maganinsa shi ne na masu Linux, inda Hoto.jpg da hoto.jpg abu biyu ne daban. A Windows abu ɗaya ne, don haka za ta tambaye ka ko ta danne na farko da na biyu. Kada ka yi saurin cewa e, ka ce ta sake wa ɗaya suna. Fayilolinsu masu ƙarewa da .tar.gz kuma sai ka warware sau biyu, na farko ya ba ka .tar, na biyu ya ba ka kayan. Ƙaramin abu ne amma yana ba ni haushi.

Kalmar sirri ita ce wurin da ba a samun yadda ake so duka. Muna buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa, kuma ba wanda ke son su zaga gari kafin ranar. In za ka kulle zip, 7-Zip na ba ka hanya biyu. ZipCrypto tsohuwa ce, kusan kowace na'ura na buɗe ta, amma mai ɗan sani zai iya fasa ta. AES-256 ƙaƙƙarfa ce, amma manhajar cikin Windows ba ta san ta ba, sai ta jefo wa mutum wani kuskure mai lambobi, ya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Kuma ko wacce ka zaɓa, zip ba ya ɓoye sunayen fayilolin: kowa zai ga “Lissafi aji uku zango na biyu” ko bai san kalmar ba. A nan kam na fi son 7z, domin yana da wurin da za ka ce a kulle har sunayen. Makarantar da muke irin wannan aiki da ita, da kaina nake zuwa in sa wa kwamfutar ofishinsu 7-Zip, in nuna wa mai kula da jarrabawa yadda zai yi. Kalmar kuma a kira a faɗa da baki. Abin takaici ne ka ga an turo fayil a kulle, saƙon da ke biye da shi kuma ga kalmar nan a rubuce.

Tana kuma iya yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, .001, .002, har ƙarshe. Amfaninsa na zuwa ne in filas ɗinka na tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4 ko da sarari ya yi yawa, ko in imel ne dole, tunda Gmail megabait 25 take ɗauka a maƙale. Sharaɗin shi ne duk gunduwoyin su taru a folda ɗaya, a buɗe na farko, kuma mai karɓa ya kasance yana da manhajar da ta san su. Wani zaɓin da ke kusa da shi, na yin fayil mai warware kansa da ke ƙarewa da .exe, ka rabu da shi kawai: ba ya aiki a Mac ko waya, Gmail ba ta yarda da shi, kuma duk mai hankali tsoron danna shi zai yi.

Inda WinRAR ta fi ta, kuma dole a ba ta haƙƙinta, shi ne gyara. Rar na iya ɗaukar wani ƙarin bayani da zai ɗinke fayil in wani ɗan sashe ya lalace a hanya. 7z ba shi da wannan, kuma da yake yakan haɗe fayiloli da yawa ya matse su a matsayin abu guda, lalacewa a wuri ɗaya na iya cinye duk abin da ke bayansa. Da irin netwok ɗinmu mai yankewa, da filas na jabu da suka cika kasuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa ba na ajiye aikin kwastoma na dindindin a 7z guda ɗaya, kuma duk abin da na karɓa sai na danna Test kafin in ce wa mutum ya iso. In ta ce babu kuskure, sai in ce ya goge nasa in yana so.

Fuskarta kam, araha ba ta ado. Kamar yadda na san ta tun ina yaron shago haka take har yau, da manyan maɓallan nan masu launi a sama. A Windows 11 kuma ba ta fitowa a jerin farko in ka danna dama, sai ka ƙara danna Show more options. Wanda wannan ya dama yana iya ɗauko NanaZip daga Microsoft Store, daga jikin 7-Zip aka cire ta aka yi mata sabuwar riga.

Babban aibinta a wurina shi ne ba ta sabunta kanta, ba ta ma gaya maka sabuwa ta fito. Manhajar da aikinta buɗe fayilolin baƙi ne kuwa, ita ce ƙofar da ɓarawo zai fara taɓawa. An sami wata kafa a cikinta da ke sa fayil ɗin da aka sauke daga intanet ya kuɓuce wa gargaɗin Windows, aka toshe a fitowa ta 24.09 a ƙarshen 2024. WinRAR ma ta sha irin nata a 2023, aka gyara a 6.23. Amma gyaran na wanda ya je ya sauke ne. Har yanzu ina cin karo da kwamfutocin da ke ɗauke da 7-Zip 9.20, ta 2010, wadda mai gyara ya kwafo daga tsohon filas ɗinsa. Ita wannan ko rar na zamani ba ta buɗewa, domin sabon tsarin RAR5 a 2013 ya fito, sai mutum ya yi ta zagin wanda ya turo masa fayil alhali matsalar na kan teburinsa. Ka buɗe taka, ka shiga Help, ka danna About, lambar na nan a rubuce. In ta girmi 24.09, ka sauke sabuwa ka ɗora a kai, ba sai ka cire tsohuwar ba.